Kurakuran Da Muka Yi Wajen Sayar Da Gidan Kakanmu

Na san wani zai ga kan wannan magana ya ce, ina ruwan ɗan makaranta da cinikin gida, shi da ko ɗakin kansa bai mallaka ba? To, gaskiya ne ban mallaki ɗaki ba. Amma da hannuna aka rubuta takardar cinikin gidan kakanmu a nan Matazu, kuma wannan takarda tana cikin abubuwan da suka kai danginmu gaban alƙali. Tun daga ranar na shiga tambayar malamaina na boko da na zaure, da dattawan unguwarmu, domin in gane inda muka kuskure. Abin da na samo shi ne nake so in baje muku a nan, da izinin mahaifina, don kuwa Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bari in fara da ba ku labarin a taƙaice. Kakanmu ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa. Ya bar matarsa, watau Hajiya kakarmu, da 'ya'ya biyar. Akwai Baffa, wanda shi ne babba, da mahaifina, da gwaggonninmu uku waɗanda duk suna gidajen aurensu, ɗaya a Malumfashi, ɗaya a Funtuwa, ɗaya a Karaduwa. An raba gonaki da dabbobi, amma aka bar gida ba a raba ba, domin Hajiya tana ciki. Gida ne irin na dā, ginin ƙasa, da zaure da soraye biyu da ɗakuna huɗu. Akwai rijiya a jikin katangar gabas, da wata babbar bishiyar bedi a tsakar gida, wadda Hajiya ta ce tana amarya aka dasa ta.

A daminar 2023, bayan da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, kome ya yi tsada. Baffa ya shuka masara mai yawa, ga ta tana neman taki, ga kuma auren 'yarsa an sa rana. Ana cikin haka sai wani dillali ya zo masa da labari cewa wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi yana neman gida a cikin gari, ya kuma taya namu Naira 2,400,000. Baffa ya sami mahaifina ya gaya masa, mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ka gani, Yaya, shi ne daidai." Kwana uku tsakani, bayan sallar la'asar, Baffa ya kira ni zaure ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka rubuta mana." A lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare. Na yago takarda daga littafin lissafina, na rubuta abin da aka shifta mini, cewa shi wane ya sayar wa Alhaji wane gidanmu da ke Matazu, ya karɓi Naira 1,400,000, saura bayan kaka. Baffa ya dangwala yatsa, dillali ya sa hannu a madadin Alhaji, wani abokin dillalin ya sa hannu a matsayin shaida. Aka ba ni tukuicin Naira 500, na tashi ina murna. Ban san na rubuta shekara guda ta tashin hankali ba.

Kuskure na farko, kuma uban sauran duka, shi ne sayar da abin da ba naka kai kaɗai ba ne. Gidan gado da ba a raba ba, kowane magaji yana da rabo a cikin kowane ɗaki nasa. Girman shekaru yana ba mutum damar ya shugabanci 'yan'uwansa, amma ba ya ba shi rabonsu. Malaminmu na addini ya yi mini lissafin a kan allo. Bayan an biya bashin mamaci an zartar da wasiyyarsa in akwai, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas. Tun da iyayen kakanmu sun riga shi rasuwa, ragowar ta 'ya'ya ce, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. To, a cikin Naira 2,400,000, Hajiya tana da 300,000. Saura 2,100,000 a kasa shi kashi bakwai, kowace gwaggo ta ɗauki 300,000, Baffa da mahaifina kowa ya ɗauki 600,000. Kun ga ke nan Baffa rubu'in gidan kaɗai yake da shi, alhali kuwa ya sayar da shi ɗungurungum, ya kuma karɓi abin da ya ninka rabonsa har da ɗoriya.

Ba da mugun nufi ya yi ba. A ransa cewa yake in an yi kaka ya sayar da masara ya ba kowa nasa. Amma Gwaggo ta Malumfashi ba daga bakinsa ta ji ba. A gidan suna ta ji, inda wata mata ta tambaye ta ina Hajiya za ta koma tun da an sayar da gida. Washegari ta shigo mota ta zo. Ba ta ɗaga murya ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaya, ashe ni ba 'yar gidan nan ba ce?" A shari'a, wanda ya sayar da kayan wani ba da izininsa ba, cinikin yana rataye ne sai mai kaya ya yarda. Bayan wannan kuma akwai abin da malaman fiƙihu ke kira shuf'a, wanda duk mai karanta littafin Risala a zaure zai tarar da babinsa. Ma'anarsa ita ce, idan mutane sun yi tarayya a gida ko gona da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar da rabonsa ga baƙo, to sauran suna da ikon su biya wannan kuɗin su karɓe rabon. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, kuma wanda yake nan ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Maƙwabci ba shi da shi a hukunce, amma al'adarmu ta koya mana a fara yi masa tayi, kuma yin haka yana maganin gaba. In kuwa akwai marayu ƙanana cikin magada, to lalle kada a taɓa rabonsu sai an bi ta hannun waliyyinsu da alƙali.

A nan ina roƙon iyayenmu su gafarce ni in faɗi wata magana. Mahaifina da bakinsa ya ce shi ma yana da laifi, domin ya san ba a gaya wa 'yan'uwansa mata ba, amma kunyar yayansa ta hana shi magana. Kunya ado ce, amma kunyar kwana ɗaya da ya ji ita ta jawo wa gidanmu kunyar shekara guda.

Kuskure na biyu shi ne gaggawa, da sayarwa a lokacin da bai dace ba. Mu mutanen wannan yanki, daga Matazu da Musawa har Malumfashi da Funtuwa, arzikinmu a gona yake. Kuɗi suna shigowa ne da kaka, sa'ad da aka girbe masara da dawa da waken suya, aka ciri auduga. A lokacin ne mutane ke neman gidaje da filaye, masu taya su yi yawa, farashi ya tashi. Amma a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, kowa kuɗinsa yana cikin taki da ƙwadago. Mai kuɗi a hannu a watan Agusta ba shi da abokin hamayya, kuma ya san duk wanda ya fito da gida a wannan lokaci matsuwa ce ta fito da shi. Baffa mutum ɗaya ya taya masa, ya sallama. Bai ce albarka ko sau ɗaya ba, bai kuma tambayi nawa aka sayar da gidajen da ke kusa ba. Abin da ya kamata shi ne a sami magini da dattawa biyu ko uku waɗanda suka san unguwar, su kimanta fili daban, gini daban, sa'an nan a saurari tayin mutane da dama kafin a sallama.

Wannan magana ta gaggawa ta fi shafar 'yan'uwanmu na ƙauyuka waɗanda matsalar 'yan bindiga ta tasa daga gidajensu a 'yan shekarun nan. Ba wanda zai ga laifin mutumin da ya gudu da ransa da iyalinsa. Amma wanda ya sami iko ya daure, gara ya rufe gidan ya bar shi a hannun amintacce da ya sayar da shi a kuɗin tumaki biyu, domin in Allah ya kawo zaman lafiya, abin da ya karɓa ba zai sake gina masa ko zaure ba. A cikin gari kuma, inda baƙi ke shigowa suna neman wurin zama, sau da yawa ba da haya ya fi sayarwa, don kuwa haya tana kawo kuɗi, gida kuma yana nan.

Kuskure na uku shi ne sakar wa dillali ragama. Dillanci sana'a ce halattacciya, kuma akwai dillalai masu amana da yawa. Aikin dillali shi ne ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'adarsa. Amma idan ya zama shi ne bakin wannan kuma shi ne kunnen wancan, har ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, to an buɗe ƙofar ɓarna. Sai a gaban alƙali ne Baffa da Alhaji suka fara haɗa ido. Da aka tambayi Alhaji nawa ya sayi gida, sai ya ce Naira 2,700,000, kuma ya ba dillali 1,700,000 ya kai. Kotu ta yi tsit. Ashe dillali ya soke 300,000 a aljihu, ga kuma la'ada da ya karɓa daga ɓangarorin biyu. Ku duba fa, abin da ya ɓoye daidai yake da rabon gwaggo guda. Saboda haka, tun farko a yanke da dillali nawa ne la'adarsa, kuma la'ada ciki ce ko waje, watau daga kuɗin mai gida za ta fita ko mai saye ne zai biya ta daban. Sa'an nan kada a sallama sai mai saye ya zo da ƙafarsa, ya faɗi farashi da bakinsa a gaban shaidu.

Kuskure na huɗu shi ne wanda ya fi damuna, domin da alƙalamina aka yi shi, watau takarda mara kai. Da alƙali ya karanta takardar nan tawa, sai ya tambaya wa ya rubuta. Na miƙe jikina yana ɓari. Bai yi mini faɗa ba, amma ya yi mini tambayoyi huɗu waɗanda ba zan manta da su ba. Ya ce, gidanmu, ku su wa? Nawa ne kuɗin gidan gaba ɗaya? Bayan kaka, wace kakar, ta bana ko ta baɗi? Daga ina gidan ya fara, a ina kuma ya tsaya? Ban iya amsa ko ɗaya daga takardar ba. Da na rubuta jimlar kuɗin, aka kai wa Alhaji ya karanta, da asirin dillali ya tonu tun ran nan. Abin mamaki shi ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa da kafa shaidu take magana. Muna karanta ta kowane azumi, amma in ciniki ya zo sai mu ce ai duk ɗaya ne, ai mun san juna.

Shaidu ma akwai magana a kansu. Dillali yana da riba a cikin ciniki, saboda haka shaidarsa ba ta da ƙarfi in rigima ta tashi. A nemi mutane adalai waɗanda ba su da ci a ciki, a kira maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, a kuma sanar da mai unguwa da dagaci, don su ne suka san asalin kowane gida. Mu ba mu yi haka ba, sai ga wata rigimar ta ɓullo. Rijiyar da na ambata a jikin katangar gabas, kakanmu da maƙwabcinsa ne suka haɗa kuɗi suka haƙa ta, kowane gida yana ɗiba ta ɓangarensa. Alhaji ya zo zai ja katangar bulo ya shigar da ita ciki, maƙwabci ya ce bai san zancen ba. Sai da mai unguwa ya tara tsofaffi kafin aka kashe wutar. Don haka a auna gida da tef, a rubuta tsawo da faɗi, a ambaci maƙwabcin kowace kusurwa, a bayyana katangar da ake tarayya da wani, da inda indararo ke zuba, da hanyar da kwata ke bi. Ƙananan abubuwan nan su ne ke raba maƙwabta.

Kuskure na biyar shi ne mantawa da Hukuma. Da yawa daga cikinmu muna zaton idan mai unguwa ya sa hannu, magana ta ƙare. To, akwai doka mai suna Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Har yanzu tana aiki, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya. Dokar ta ce ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana domin jama'a. Mu a Arewa wannan ba sabon abu ba ne, don kuwa dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ma kusan haka ta tanada. Watau abin da mutum ya mallaka shi ne gininsa da haƙƙin zama a wurin. Filin da ke yankin da Gwamna ya ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashin Gwamna, na karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ce ke ba da izinin zama a kansa. Sashe na 22 ya ce mai riƙe da izinin Gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar Gwamna. Sashe na 21 ya ce mai izini irin na gargajiya sai da amincewar Ƙaramar Hukuma. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci.

Kada wani ya ce ai wannan zancen takarda ne kawai. A 1989 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a shari'ar Bankin Savannah da wani mutum mai suna Ajilo. An jinginar wa bankin gida a Legas ba tare da an nemi yardar Gwamna ba, kotu ta ce jinginar ba ta inganta ba, bankin bai sami ikon sayar da gidan ba. To, in banki mai lauyoyi ya faɗa wannan rami, ina ga manomi? Abin yi shi ne, kafin a karɓi ko kwabo, a je sakatariyar Ƙaramar Hukuma a ga jami'in filaye, a tambaye shi gidan yana ƙarƙashin wane kashi, da matakan da za a bi. In gidan yana da satifiket, watau takardar shaidar mallaka, sai a bi ta ma'aikatar filaye ta jiha a canza suna. Mai sayarwa ma yana da riba a cikin wannan, domin muddin sunansa ne a takardun Hukuma, duk rigimar da ta tashi a gidan shi za a nema. Haka kuma kada a miƙa wa dillali ko mai taya ainihin takardun gida kafin a gama biya, a ba su kwafi kawai. Waɗanda suka je Legas suna ba da labarin gidaje da aka rubuta wa manyan baƙaƙe a bango cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Dalili kuwa shi ne 'yan damfara suna sayar da gidajen mutane da takardun jabu, masu gida ba su sani ba.

Kuskure na shida shi ne ba da gida bashi babu ajali. Naira miliyan ɗaya da ta rage mana, ba ta shigo hannu ba sai tsakiyar 2024, bayan an yi sulhu. A cikin wannan tsakani kuɗi sun zube. Buhun siminti da ake saye wajen Naira 5,000 a farkon 2023, ya haura 10,000 a wurare da yawa a watan Fabrairun 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a watan Yunin 2024. Watau Alhaji ya biya adadin da aka yi alkawari, amma abin da kuɗin za su iya saye ya ragu ƙwarai. Shi gida darajarsa hawa take yi, kuɗin da ke hannun wani kuwa narkewa suke kamar ƙanƙara. In dole ne a yi biya kashi-kashi, a rubuta ranar kowane biya da adadinsa, a rubuta abin da zai faru in an saɓa, kuma kada a ba da makulli ko a bari a fara rushe-rushe sai an cika. Kafin alƙalami ma a rubuta shi, a faɗi ko ana mayarwa in ciniki ya warware.

Yadda za a karɓi kuɗin shi ma abin lura ne. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 sai ta hanyar banki. Ko da kuɗin bai kai haka ba, banki ya fi, domin yana barin shaida. Amma kada a dogara da saƙon da ya shigo waya, don akwai na bogi. A duba asusu a tabbatar kuɗi sun zauna. Iyayenmu suna tuna canjin kuɗi na 1984, mu kuma mun ga na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, yadda masu ajiya a gida suka sha wuya. Ga kuma halin da ake ciki na rashin tsaro. A nan sai a bambance abu biyu. Masu haƙƙi da shaidu da Hukuma, dole su san kome. Amma 'yan majalisar bakin titi ba su da bukatar su san ranar da kuɗi suka shigo ko nawa ne. Mu sai muka juya abin, muka ɓoye wa masu haƙƙi, alhali labari yana yawo a gidajen suna.

Akwai kuskure na bakwai wanda Allah ya tsare mu daga gare shi, amma ana yin sa, watau ɓoye aibi. Wani zai ga bango ya tsage, sai ya yi masa yaɓe ya shafa farar ƙasa. Wani azararsa gara ta cinye, wani ɗakinsa yana yoyo, sai ya bari sai rani ya fito da gidan. Wani ma ya jinginar da gidan ga wani, ya yi shiru. Shari'a ta ba mai saye ikon ya mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, ruwan farko zai tona. Gyara na gaskiya daban ne. A share gida, a kwashe juji, a gyara ƙofa da indararo, wannan yana ƙara wa gida kwarjini kuma ba yaudara ba ce. Abin da ba a iya gyarawa ba, a nuna shi, a rage kuɗi daidai da shi.

Na takwas, wanda na bari a ƙarshe don shi ya fi taɓa zuciya, shi ne sayar da gida ba a shirya inda na ciki za su koma ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Hajiya ta fi shekara hamsin a gidan nan. A nan ta haifi 'ya'yanta duka, a nan aka yi wa mijinta wanka. Sai bayan an karɓi kuɗi aka gaya mata. Ba ta ce uffan ba. Da kaka ta yi, muka kwashe kayanta a amalanke zuwa gidanmu, aka ba ta ɗakin da ni da ƙannena muke kwana, mu muka koma zaure. Ran da aka sare bishiyar bedin nan, ba wanda ya iya gaya mata, amma ta gani da idonta da aka wuce da itacen ta ƙofar gidanmu. Ran nan ba ta ci tuwo ba.

Ga yadda shari'ar ta ƙare. Alƙali ya bayyana wa kowa haƙƙinsa, sa'an nan ya ba da dama a je a yi sulhu. Dattawa suka zauna. Ba wanda yake da kuɗin da zai fanshi gidan a cikin magada, saboda haka gwaggonninmu suka amince da cinikin, bisa sharaɗin a ba kowa rabonsa cif. Alhaji ya cika kuɗinsa. Dillali ya yi ta kwan-gaba kwan-baya, rabin abin da ya ɓoye kaɗai ya mayar. Baffa kuwa, tun da kuɗin farko sun tafi a taki da biki, sai da ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu ya cika wa 'yan'uwansa. Gwaggo ta Malumfashi ta yi fiye da shekara ba ta taka gidansa ba. Sai da Hajiya ta kwanta ciwo suka haɗu a ɗakinta, ta kama hannuwansu ta haɗa. Yanzu suna gaisawa, alhamdu lillahi, amma mu yara mun san ba kamar dā ba.

Daga ƙarshe, ga kirana ga 'yan'uwana ɗalibai. A gidaje da yawa mu ne marubuta, mu ake kira in za a yi takarda. In an kira ka, ka durƙusa cikin ladabi ka ce, "Baba, a gafarce ni, akwai abubuwan da ya kamata su shiga." Ka rubuta kwanan wata, da cikakkun sunayen masu sayarwa duka da na mai saye, da yadda aka sami gidan, da girmansa da iyakokinsa huɗu. Ka rubuta jimlar kuɗi da lamba da kalmomi, da abin da aka biya, da abin da ya rage da ranar biyansa, da ranar da za a ba da makulli. Kowane magaji, mace ko namiji, ya sa hannu da kansa ko ta wakilin da ya naɗa. Ka karanta wa kowa da ƙarfi kafin a dangwala yatsa, a yi kwafi kowa ya riƙe nasa. In cinikin babba ne, ka ba da shawara a nemi lauya, domin kuɗinsa bai kai na zirga-zirgar kotu ba. In aka ce ka cika tsawaitawa, ka ba su labarin gidan kakanmu.

Iyayenmu kuma muna roƙonku, don Allah ku riƙa shawara da 'yan'uwanku mata da tsofaffin da ke cikin gida kafin a kira dillali. Takardar nan tawa tana nan, mahaifina ya karɓo kwafinta ya ba ni, na sa ta a cikin akwatina. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya bar zumunci, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin.